Yadda Ake Auna Rufin Asirin 'Yan Ci-rani: Misirawa da 'Yan Nepal a Kan Sikeli

Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya 'yar ƙanwata ta yi sallama gidana a Unguwar Dosa, da kwamfuta a jaka. Tana aji uku a jami'a, tana karanta tattalin arziki, kuma malaminsu ya ba su aiki: su kwatanta halin samu da rashi na Misirawa da na 'yan Nepal da ke ci-rani a ƙasashen waje. Ta ce, "Kawu, na ma gama, ku duba min kawai kafin in miƙa."

Shafi biyu ta rubuta, kuma duka sun jingina da lamba biyu. A 2023 Misirawa mazauna waje sun aika gida dala biliyan 19.5, 'yan Nepal kuma kimanin dala biliyan 11. Sai ta yanke hukunci cewa Misirawa sun fi wadata kusan ninki biyu. Lambobin gaskiya ne, hukuncin ne ba shi da ƙafa. Masar na da mutane sama da miliyan 100, Nepal kuwa ƙidayar 2021 ta ba ta miliyan 29 da ɗoriya. Kuɗin aike ya kai kusan rubu'in duk abin da tattalin arzikin Nepal ke samarwa a shekara, a Masar bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Kuma ko wannan ma labarin ƙasashen biyu ne, ba labarin mutumin da ya tsaya layi a shagon aika kuɗi ranar Juma'a ba.

Dalilin da ya sa ta zo wurina, shekara shida na yi a Doha, daga 2016 zuwa 2022, ina lissafin albashi a wani kamfanin gine-gine. Kowane ƙarshen wata sunayen ɗaruruwan ma'aikata ke bi ta hannuna. Misirawa sun fi yawa a ofis da cikin injiniyoyi, 'yan Nepal a kan katako da rodi da gadi. Na ci kushari, abincin Masar, da Misirawa, na ci shinkafa da wake irin nasu da 'yan Nepal. A can na gane cewa albashi daban, rufin asiri daban, kuma rufin asiri shi ne abin aunawa: mutum ya ci, ya ciyar, ya biya bashi, ya ajiye, kuma in yau aiki ya tsaya kada gobe ya wayi gari a titi. Abin da na faɗa mata a wannan yammacin shi zan shimfiɗa a nan, don ɗalibai da 'yan jarida da duk wanda ke da ɗan'uwa mai shirin tafiya.

Fara da zaɓar ƙasa guda. Kada ka ɗauko Bamisire daga Amurka ka haɗa shi da ɗan Nepal na Malesiya. Wannan kamar ka kwatanta mai haya a Malali ne da manomi a Birnin Gwari, ka ce kana auna ƙabilunsu, alhali wurin zamansu kake aunawa. Al'ummomin nan biyu sun haɗu a wurare kaɗan da za su yi maka amfani: ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha irin su Katar da Saudiyya da Kuwait da Daular Larabawa, sai Amurka, sai Ostireliya, sai Ingila. Kowane wuri da labarinsa. A Ostireliya, alal misali, ƙidayar 2021 ta sami haifaffun Nepal sama da 120,000, haifaffun Masar kuma sama da 40,000. Amma na farkon yawancinsu matasa ne da suka shigo karatu a 'yan shekarun nan, dokar biza ta ƙayyade musu aiki awa 48 a mako biyu lokacin zangon karatu. Na biyun da yawansu sun daɗe, wasu tun shekarun 1950 da 1960, sun mallaki gidaje, wasu sun yi ritaya. In ka jera kuɗin shigarsu kai tsaye, ɗalibi ka haɗa da kakan wani. A Ingila kuma akwai tsofaffin sojojin Gurka, wato 'yan Nepal da suka yi aikin soja a rundunar Birtaniya, waɗanda sai a 2009 aka buɗe wa waɗanda suka bar aiki kafin 1997 ƙofar zama, suka taru a garin Aldershot da kewaye, da yawansu cikin tsufa. Wannan kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi.

In ka zaɓi ƙasa, sai ka tsaya ka amsa wa kanka: wane ne Bamisire a wannan aikin, wane ne ɗan Nepal? Wanda aka haifa a can, ko wanda ya ce asalinsa can ne ko da a nan aka haife shi? Duk wanda ka zaɓa, ka yi wa ɓangarorin biyu ma'auni ɗaya. A Amurka akwai tarko babba a nan. Tun wajen 2008 aka riƙa kai 'yan gudun hijira daga ƙasar Butan masu magana da harshen Nepal, waɗanda suka shafe shekaru kusan ashirin a sansanoni a gabashin Nepal. Sama da 100,000 aka rarraba a ƙasashe daban-daban, mafi yawa a Amurka, kuma birnin Columbus na jihar Ohio ya tara su da yawa. Wasunsu in an tambaye su asali za su ce Nepal, 'ya'yansu da aka haifa a sansani kuwa takardarsu ma Nepal ta nuna. Mutumin da ya zo daga sansani ba da ko kwabo ba, in ka zuba shi buhu ɗaya da wanda ya zo karatun digiri na biyu daga Katmandu, babban birnin Nepal, ka ɓata lissafin dukansu. Misirawa kuma shekara da shekaru ƙidayar Amurka na sa su cikin fararen fata, sai a watan Maris 2024 aka amince da sabon rukuni na mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Don haka a tsofaffin alkaluma ba ta layin launin fata za ka same su ba, ta tambayar ƙasar haihuwa ko ta asali za ka bi.

Sannan ka duba ƙofar da suka shigo ta cikinta, domin ita ke tankaɗe mutane tun kafin su sauka. Misirawa sun fara shiga Amurka da yawa bayan dokar shige da fice ta 1965 da yaƙin 1967, kuma rukunin farko likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a, Musulmi da Kiristoci Kibɗawa. Har yau fiye da rabin manyansu a can masu digiri ne. 'Yan Nepal sababbin zuwa ne: a 2000 ba su kai 10,000 ba, amma cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta su 198,000 a 2019. Duka ƙasashen biyu sun kasance cikin manyan masu cin ƙuri'ar bizar Amurka, wadda aka cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015. Wasu 'yan Nepal kuma sun zauna ne da izinin wucin gadi da aka ba su bayan girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe mutane kusan 9,000. Izini ne da gwamnati ke iya janyewa, kuma mai irin wannan takarda ba ya cin bashin gida na shekara talatin da kwanciyar hankali.

Anan na ja hankalin 'yata a kan wani abu da ta rubuta. Ta kawo sunan Ahmed Zewail, Bamisiren da ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1999, a matsayin shaidar cewa Misirawa sun yi nisa. Na ce ta goge. Ba don mutumin bai kai ba, sai don ba a auna gari da mai kuɗin garin. Akwai dubban Misirawa daga kudancin ƙasar da ke leburanci da aikin gona a Kuwait da Jodan da Libiya da Saudiyya, kuma akwai 'yan Nepal ma'aikatan jinya da masana kwamfuta a Sidni da Dallas.

Wannan ya kawo mu kan kuɗin shiga. Kada ka yi amfani da matsakaicin da ake samu in an tara an raba, domin attajiri ɗaya na iya ɗaga unguwa guda a takarda. Nemi kuɗin mutumin tsakiya: a jera kowa daga mai ƙanƙanta zuwa mai yawa, a ɗauki wanda ya tsaya a tsakiyar layi. Da wannan ma'aunin Pew ta ce gidan ɗan Nepal a Amurka na samun dala 55,000 a 2019, yayin da na 'yan Indiya ya kai 119,000. Amma ko wannan bai isa ba, sai ka tambaya: mutum nawa ne a gidan, kuma nawa ne ke fita nema? Samari biyar da suka haɗa kuɗin haya, kowa na tuƙa tasi ko aikin kanti awa goma sha biyu, za su fito a takarda da kuɗin shigar gida mai kauri. Magidanci ɗaya da ke ciyar da mata da 'ya'ya uku da albashinsa shi kaɗai zai fito ƙasa da su ko daidai da su. Hanyar da masana ke bi ita ce a raba kuɗin gidan da lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan mutanen: gidan mutum huɗu a raba da 2, na mutum tara a raba da 3. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zaman gandu, tukunya ɗaya da haya ɗaya na rage wa kowa nauyi. Bayan haka ka duba awannin aiki. Wanda ya sami dala dubu a awa arba'in da wanda ya same ta a awa saba'in ba ɗaya ba ne, ko da aljihunsu ya yi daidai.

Ga Amurka, wurin samun waɗannan shi ne binciken gidaje da hukumar ƙidayarsu ke yi kowace shekara, wanda ke tambayar ƙasar haihuwa, shekarar shigowa, karatu, aiki, haya da kuɗin shiga. Jami'ar Minnesota na ajiye shi a shafin IPUMS, rajista kyauta ce. Ɗauki na shekara biyar a haɗe, saboda al'ummomin ƙanana ne, na shekara ɗaya kan yi tsalle. Sai ka yanka mutanen gida-gida: masu shekara 25 zuwa 54 kawai, waɗanda suka shigo cikin shekara goma, waɗanda suka haura ashirin, masu digiri, marasa digiri, maza, mata. Sai ka ga gibin da ka fara gani ya ragu ko ya sauya kama, kuma abin da ya saura bayan yankan shi ne ainihin abin rubutawa. Ka kuma duba mai digirin da ke aikin da bai buƙaci digiri ba. Likitan magunguna daga Alƙahira da ke sayar da abinci a bakin titi a New York yana da kuɗin shiga, amma an yi asarar shekarunsa na karatu, kuma wannan asarar na cikin lissafi.

A ƙasashen Larabawa abin ya fi wuya, domin ba kasafai suke fitar da albashi ƙasa-ƙasa ba. Katar ma ba ta saba wallafa yawan baƙi bisa ƙasarsu ba. Dole ka haɗa daga gefe-gefe: hukumar ƙididdiga ta Masar, wadda a 2017 ta ƙiyasta Misirawa miliyan 9.5 a waje, da sashen aikin ƙetare na Nepal da ke ba da izinin fita aiki, da rahotannin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Bankin Duniya. Ka sani cewa izinin Nepal bai ƙunshi masu tafiya Indiya ba, domin tun yarjejeniyar 1950 iyakar a buɗe take, ba biza ba fasfo. Haka kuma takunkumin da gwamnatin Nepal ta sha sa wa mata masu zuwa aikatau ya sa da yawansu ke bi ta Indiya su fita, babu sunansu a kowane littafi.

Yanzu bari in zo inda na fi sani, wato abin da ke raguwa a hannu. Lambobin da zan kawo na misali ne, amma sun yi kama da abin da na saba gani a takardun albashi. Mu ƙaddara injiniya Bamisire na karɓar riyal 12,000 a wata. Ya kawo iyalinsa, domin albashinsa ya haye matakin da ake nema kafin a ba mutum bizar iyali, wanda a zamanina ya kai riyal 10,000 ga wanda kamfani bai ba shi gida ba. Haya ta ci 5,000. Makarantar yara uku ta ci 2,500. Cefane da mota da wuta da asibiti sun ci 3,000. Saura 1,500. Ga kuma kafinta ɗan Nepal mai riyal 1,600 har da kuɗin ƙarin lokaci. Kamfani ke ba shi wurin kwana da abinci da motar zuwa aiki. Yana kashe 400 a kati da sabulu da ɗan abin marmari, ya aika 1,200 gida. A albashi injiniya ya ninka shi sau bakwai da rabi. A abin da ya rage kuwa, tazarar riyal 300 ce.

Lokacin da na nuna wa 'yata wannan sai ta ce, "To Kawu, ashe kusan ɗaya suke." Na ce a'a, kada ki faɗa wancan ramin bayan kin fito daga wannan. Injiniyan yana kwana da iyalinsa, 'ya'yansa na makaranta mai kyau, yana da mota, yana zuwa garin Mansura na Masar hutu duk shekara. Wannan kuɗin da ya kashe rayuwa ya saya da shi. Kafintan kuwa gado mai hawa biyu yake kwana a ɗakin da suke da yawa, yana ganin 'ya'yansa sau ɗaya a shekara biyu, yana aiki a zafin da ya sa doka ta hana aikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ajiyarsa mai yawa ce don ya hana kansa komai. Don haka ka buɗe layi biyu a teburinka, ɗaya na abin da mutum ya more, ɗaya na abin da ya ajiye, kada ka bari ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Sai bashi. Wanda bai tambayi bashin tafiya ba bai fara aikin ba. A 2015 gwamnatin Nepal ta kafa tsarin biza kyauta da tikiti kyauta ga masu zuwa Malesiya da ƙasashen Larabawa shida, ta ce kada ejan ya karɓi fiye da rupi 10,000. Amma kusan duk ɗan Nepal da na zauna da shi ya biya ninkin-ba-ninkin wannan, kuma ba daga banki ya ranto ba, daga mai ba da bashi da ruwa na ƙauye ne, wani lokaci da jinginar gona. Akwai ma'auni mai sauƙi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin muradun ci gaba: ka raba duk kuɗin da mutum ya kashe kafin ya sami aikin da albashinsa na wata. In kafintanmu ya biya abin da ya kai riyal 5,000, wata uku ke nan da ɗoriya yana aiki ba nasa ba, kafin a sa ruwan bashin. Misirawa ma ba su tsira ba. Akwai waɗanda ke sayen abin da ake kira biza mai 'yanci daga hannun kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, su biya shi duk shekara don sabunta igama, wato takardar izinin zama, su nemi aiki da kansu. Mutanenmu da suka yi zaman Saudiyya sun san wannan harkar sarai.

Ka kuma tambayi ranar biya. Tun 2015 Katar ta tilasta a biya albashi ta banki don a riƙa gani, kuma a Maris 2021 mafi ƙarancin albashi ya zama riyal 1,000, da 500 na gida da 300 na abinci in kamfani bai bayar ba. Duk da haka na ga watannin da kuɗi ya makara a wurinmu, kuma na ga bambancin yadda jinkirin ke dukan mutane. Injiniya na da ajiya da katin banki, zai lallaɓa. Lebura kuwa matarsa na kira daga ƙauye cewa mai bashi na bakin ƙofa. Ni ke amsa tambayarsu a tagar ofis, kuma har yau in na tuna fuskokin nan raina ba ya min daɗi.

Kada canjin kuɗi ya yaudare ka. Wannan mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da naira ta yi tun Yuni 2023. Ina Doha a Nuwamba 2016 lokacin da Masar ta saki fam ɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 9 zuwa wajen 18 cikin 'yan makonni. Riyal ɗin Katar a ɗaure yake da dala a kan 3.64, don haka abokan aikina Misirawa suka wayi gari albashinsu ya ninka in an juya shi zuwa fam. Suka yi murna kwana kaɗan, sai farashin kaya a gida ya biyo baya, iyaye da 'yan'uwa suka ƙara buƙata. Rupin Nepal kuwa a ɗaure yake da na Indiya a kan 1.6, ba ya irin wannan faɗuwar farat ɗaya. Wannan ne ma ya bayyana lambar da 'yata ta kawo. Kuɗin aiken Misirawa ya haura dala biliyan 31 a shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022, ya faɗo 19.5 a 2023, sannan ya koma 29.6 a 2024. Ba talauci ne ya same su a tsakani ba. Tazarar farashin banki da na kasuwar bayan fage ce ta yi faɗi, mutane suka koma wa 'yan canji ko suka riƙe dalarsu, har sai da aka sake sakin fam a 6 ga Maris 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. 'Yan Nepal ma suna da tasu hanyar ta bayan gida da suke kira hundi. Don haka alkaluman babban banki na nuna maka abin da ya bi ta banki ne kawai. A ƙarƙashin kowane tebur ka rubuta ranar da ka ɗauki farashin canji da kuma wane farashi ne.

Akwai dukiyar da ba ta fitowa a kowane rahoto. Misirawa na yin adashi, suna kiransa gam'iyya, 'yan Nepal na da nasu mai suna dukuti. Da kwasar adashi mutum ke sayen fili ko ya aurar da ƙanwa. Bamisire kan sa kuɗinsa a bene a garinsu ko zinare, ɗan Nepal a gona da gidan siminti da makarantar kuɗi ta yara. In ka tsaya kan asusun banki za ka ce ba su da komai. Tambayi abin da aka gina a gida, ka kuma tambayi mutum nawa ke ci daga aiken.

Daga nan sai ƙarfin takarda, wanda a ganina ya fi komai nauyi ga mai zaman Larabawa. A can duk daɗewarka baƙo ne kai, zamanka na rataye da aikinka. Katar ta soke sharaɗin neman izinin mai gida kafin sauya aiki a 2020, kuma dokarta ta ba ma'aikaci kuɗin sallama na albashin mako uku a kan kowace shekara, amma babu fansho ga baƙo. Saudiyya ta sa harajin iyali a Yuli 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum na iyalin baƙo, ya hau har 400 a 2020. Wa ya fi ji a jikinsa? Bamisire mai mata da 'ya'ya huɗu, wanda dole ya nemo riyal 2,000 duk wata ko ya mai da su gida. Ɗan Nepal da ya zo shi kaɗai wannan dokar ba ta taɓa shi ba. Siyasa ma na shiga: Misirawa sun baro Iraƙi da Kuwait tururuwa a 1990, sun baro Libiya a 2011, kuma na ga fargabar da suka shiga a Doha a Yuni 2017 lokacin da ƙasarsu ta shiga sahun masu yanke hulɗa da Katar, jiragen kai tsaye suka tsaya har zuwa farkon 2021. Ta ɗaya ɓangaren, Bamisire na da Larabci. Zai karanta kwantiragi, zai yi musu da manaja, zai shiga ofishin ƙwadago ya kai ƙara da bakinsa. Ɗan Nepal sau da yawa yatsa yake dangwalawa a takardar da bai karanta ba. Sa wannan a layi na musamman, ko da ba za ka iya ba shi lamba ba.

In za ka yi hira da mutane, kuma ya kamata ka yi, to da ɗan gari akan ci gari. Nemi wanda suka yarda da shi ya gabatar da kai, kada ka bi ta hannun mai gidansu. Kada ka rubuta suna ko lambar igama. Kada ka buɗe da "nawa ne albashinka", ko Bahaushe ba ya son wannan tambayar, ɗan ci-rani kuma kan ƙara don kada a ce ya tafi a banza. Tambaye shi watan jiya nawa ya aika, nawa ya biya a aikawa, saura nawa a bashinsa, yaushe rabonsa da gida, in ya kwanta ciwo wa ke biya. Ka lura cewa wanda ya gabatar da kai irinsa zai kawo maka, injiniya zai haɗa ka da injiniyoyi, don haka ka shiga ta ƙofa uku ko huɗu. Ka nemi mata da gangan, in ba haka ba za ka gama ba ka ji ta bakin ko ɗaya ba. Ka kuma tuna da waɗanda suka koma gida da ciwon ƙoda ko karyewar baya, da waɗanda gawarsu ce ta sauka a filin jirgin Katmandu. Masu nasara ne ke saura a wurin da kake tambaya.

Wajen rubutawa, kada jimlarka ta fi abin da ka auna faɗi. Kada ka ce Misirawa sun fi 'yan Nepal. Ka ce a ƙasa kaza, a shekara kaza, tsakanin maza masu shekaru kaza da suka yi shekara goma da zuwa, kuɗin mutumin tsakiya kaza ne a nan, kaza ne a can, kuma ga abin da ya rage bayan haya da bashi.

'Yata ta goge shafukanta biyu a gabana. Ta zaɓi Amurka don alkaluma, ta ce za ta ƙara babi guda a kan Katar daga hira. Na ba ta hanyar samun tsofaffin abokan aikina uku ta WhatsApp bayan na nemi izininsu, Bamisire ɗaya da 'yan Nepal biyu, ɗayansu ya koma gida yana kiwon awaki kusa da garin Janakpur a Nepal. Na ce ta fara da shi, kuma ta kira da hantsi, domin agogonsu na gaban namu da awa huɗu da minti 45. Aka kira magariba, ta rufe kwamfuta, na raka ta bakin titi ta hau Keke Napep zuwa Kawo.